Dala 400,000 a Ann Arbor: cinikin da ya kai Appalachian State gidan Mishigan

Ranar Asabar 1 ga Satumba 2007, mutum 109,218 suka cika filin wasan jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor domin kallon wasan buɗe kakar ƙwallon Amurka. Baƙin ranar 'yan jami'ar Appalachian State ne, daga Boone, wani ƙaramin gari a kan tsaunukan jihar Karolina ta Arewa. An ƙulla yarjejeniya tun watanni kafin nan: Mishigan za ta ba su dala 400,000, su kuma su zo su buga wasa ɗaya a gidanta, ba za a rama musu ziyara ba. Takardar ba ta ce su zo su sha kashi ba, amma kowa ya san don haka aka biya kuɗin. Da aka tashi, baƙi suna da maki 34, masu gida 32.

Amurkawa suna son ba da wannan labari a matsayin ranar da ƙarami ya kā da babba, kuma ya cancanci a ba da shi haka. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cinikin da ya haɗa su. Duk watan Satumba ana yin irinsa da dama a faɗin Amurka, kusan duka kuma suna ƙarewa yadda mai biya ya so. Wasan Ann Arbor ya yi suna ne don ya saɓa, sai sunansa ya rufe sauran.

Yadda kasuwar take

Wanda bai saba da wasan ba zai yi mamakin a ce makaranta ce ke tara mutum dubu ɗari a fili. A Amurka ƙwallon jami'o'i, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, ana riƙo da jifa da bangaza, sana'a ce ta miliyoyin daloli. Hukumar NCAA da ke kula da shi ta raba manyan jami'o'i gida biyu tun 1978. Akwai ajin sama, da ake kira FBS, inda Mishigan take. Akwai na ƙasa da shi, FCS, inda Appalachian take a lokacin. Bambancin da ya fi tasiri a fili shi ne tallafin karatu: a wancan zamani jami'ar ajin sama tana iya ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa 85, ta ajin ƙasa kuwa 63. Ɗalibin da ya fi kowa girman jiki da gudu a makarantar sakandare yakan nufi inda ake nuna wasa a talabijin, daga can kuma ake ɗaukar mutane zuwa gasar ƙwararru ta NFL. Saboda haka ratar ba ta adadi kaɗai ba ce, har da ta ƙarfi.

Kakar wasa gajera ce. Tun 2006 kowace ƙungiyar ajin sama tana buga wasa 12, yawanci takwas ko tara da abokan rukuninta, wato jami'o'in da take gasa ɗaya da su kowace shekara, ragowar kuma ita ke neman wanda za ta kara da shi. A nan cinikin yake shigowa. Idan Mishigan ta gayyaci babbar jami'a irinta, dole ta yarda da gida da waje, wato wata shekara ta je can, ta rasa kuɗin tikitin mutum dubu ɗari da na abinci da na ajiye motoci, ga kuma haɗarin a doke ta. Idan ta gayyaci ƙarama, sai ta biya sau ɗaya, ta riƙe sauran kuɗin ƙofa, 'yan wasanta su warware jiki, ta kuma ƙara nasara ɗaya a lissafinta. Nasarar nan tana da amfani na zahiri, domin ana buƙatar cin wasa shida kafin a cancanci wasannin ƙarshen kaka, kuma dokar NCAA ta yarda a lissafa nasara ɗaya a kan ƙungiyar ajin ƙasa a kowace shekara.

Ita ƙaramar jami'a, lissafinta na neman abin rufin asiri ne. Filin Kidd Brewer na Appalachian a lokacin kujerunsa ba su kai 20,000 ba, kuma babu wani kwantiragin talabijin mai tsoka. Sashen wasanni na irin waɗannan makarantu yana rayuwa ne da kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai a kan kuɗin makaranta da abin da jami'a ta cire daga aljihunta. Daga wannan asusu ake biyan masu horarwa, ake sayen kayan wasa, ake kai 'yan tsere da 'yan ƙwallon raga da ƙungiyoyin mata gasa. Shugaban wasanni da aka miƙa wa dala dubu ɗaruruwa don yini ɗaya ba ya ganin wasa, albashi da kuɗin mota yake gani. Duk wanda ya taɓa zama a filin dambe ya san irin wannan: a kawo sabon yaro a haɗa shi da shago, a ba shi ɗan abin da zai koma gida da shi, 'yan kallo su ga kisa, mai fili ya kwashe kuɗin ƙofa.

Appalachian ba baƙuwa ba ce a wannan kasuwa. A 2005 ta je gidan jami'ar LSU a jihar Luwiziyana aka ci ta 24 da nema. A 2006 ta buɗe kaka a gidan jami'ar NC State, babbar maƙwabciyarta a jiha, ta sha kashi. A shekarun biyu kuma, bayan ta karɓi kuɗinta ta koma ajinta, ita ta ɗauki kofin ƙasa.

Kuskuren mai saye

Wannan shi ne abin da Mishigan ba ta auna da kyau ba. Ta je kasuwa neman mai rauni, ta dawo da zakaran ajin ƙasa na shekara biyu a jere. Koci Jerry Moore, wanda ke riƙe da ƙungiyar tun 1989, ya sauya salon wasansu zuwa na baza 'yan wasa a faɗin fili da kai hari cikin sauri ba tare da tsayawa shawara ba. Salon yana rage amfanin girman jiki, yana ɗaukaka gudu. Jagoran harinsu, Armanti Edwards, ɗan aji biyu ne siriri, wanda ke jifa da hannun hagu kuma yana iya ɗaukar ƙwallo ya ruga da kansa. Manyan jami'o'i sun wuce shi saboda ƙanƙantar jiki.

Mishigan kuwa ita ce jami'ar da ta fi kowace yawan nasarori a tarihin wasan. 'Yan jaridar da ke jefa ƙuri'ar kamfanin labarai na AP, wadda ke fitar da jerin ƙungiyoyi 25 mafiya ƙarfi, sun sa ta ta biyar a ƙasa baki ɗaya. Taurarinta uku, Chad Henne mai jifa, Mike Hart mai gudu da ƙwallo, da Jake Long mai tare gaba, sun zauna shekararsu ta ƙarshe a makaranta da niyyar neman kofi, alhali suna iya tafiya NFL. Long shi ne aka fara zaɓa a duk ƙasar a zaɓen 'yan wasan NFL na 2008. Ko masu caca na Las Vegas ba su sa wa wasan farashi ba. Sabuwar tashar Big Ten, rukunin da Mishigan take ciki, ita ce ta nuna shi, a ranar da ta fara watsa wasannin ƙwallo, kuma gidaje da yawa ba su ma kama tashar ba tukuna.

Mishigan ce ta fara cin maki, kamar yadda aka zata. Ba a jima ba Edwards ya jefa wa Dexter Jackson gajeriyar ƙwallo, Jackson ya tsere wa masu tsaron baya yadi 68 har gida, wato ƙarshen fili inda ake cin maki. Daga nan aka fara gane cewa gudun baƙin ya fi na masu gida. A zango na biyu cikin huɗun wasan Appalachian ta ci maki 21 a jere, aka tafi hutun rabin lokaci tana da 28, Mishigan 17.

Bayan hutu nauyin jiki ya fara aiki. Baƙi suka gaji, suka soma zubar da ƙwallo, Hart kuma ya dinga ratsa su. Saura minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi ya yi gudun yadi 54 ya sa Mishigan gaba, 32 da 31. Sau biyu Mishigan ta nemi ƙarin maki biyu bayan ta kai ƙwallo gida, sau biyu ta rasa, kuma waɗannan maki su ne suka zo suka yi mata ciwo. Nan take aka ƙwace jifan Edwards, filin ya ɗauka an gama. Mishigan ta matsa ta nemi bugun maki uku, wanda ake harba ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin sanduna biyu, sai Brian Quick ya tare shi. Saura minti ɗaya da daƙiƙa 37, ba su da damar tsayar da agogo ko sau ɗaya, Edwards ya ja su yadi 69. Julian Rauch ya buga ƙwallo daga yadi 24 ta shiga, saura daƙiƙa 26, maki ya koma 34 da 32.

Ko a nan ba a gama ba. Henne ya yi dogon jifa na yadi 46 ga Mario Manningham, aka tsaya saura daƙiƙa shida, Mishigan tana da bugu daga yadi 37 wanda in ya shiga ta ci wasa. Corey Lynch ya kutsa ta gefe ya tare ƙwallon da jikinsa, ya ɗauka ya ruga da ita har lokaci ya ƙare. Tun da aka raba ajin biyu a 1978, ba a taɓa samun ƙungiyar ajin ƙasa da ta doke ta ajin sama mai matsayi a jerin AP ba sai ranar.

A Boone ɗalibai suka haura filin Kidd Brewer suka tumɓuke sandunan raga, suka ɗauke su a kafaɗa har ƙofar gidan shugaban jami'a Kenneth Peacock. Mujallar Sports Illustrated ta sa hoton Jackson a bangonta. Mishigan ta faɗo daga ta biyar zuwa wajen jerin 25 gaba ɗaya cikin mako guda, sannan Oregon ta zo gidanta ta ci ta 39 da 7. AP ta sauya dokarta don masu ƙuri'a su iya zaɓar ƙungiyoyin ajin ƙasa. Koci Lloyd Carr, wanda ya ba Mishigan kofin ƙasa a 1997, ya yi ritaya a ƙarshen kakar, bayan ƙungiyar ta farfaɗo ta gama da nasara tara da rashin nasara huɗu. Appalachian ta doke Delaware 49 da 21 a watan Disamba ta ɗauki kofinta na uku a jere.

Abin da ya biyo baya a kasuwa

Da an zaci wannan kunya za ta sa manyan jami'o'i su daina sayen wasa. Ba su daina ba. Abu biyu suka faru: masu saye suka ƙara lura da wanda suke gayyata, farashi kuma ya hau. North Dakota State, wadda ta gaji Appalachian a sarautar ajin ƙasa, ta je ta doke Kansas State a 2013 da Iowa a 2016, kuma kowace nasara tana ƙara sa manya su yi tunani sau biyu kafin su kira ta. Mai rauni ne ake nema, shi ne kuma ya fi kowa buƙatar kuɗin.

Ita Appalachian ta mayar da sunan da ta samu tsani. A 2014 ta hau ajin sama ta shiga rukunin Sun Belt, kuma wasanta na farko a sabon ajin a Ann Arbor aka yi shi. Wannan karon an biya ta dala miliyan 1, Mishigan ta ci 52 da 14. A 2016 ta kai Tennessee ƙarin lokaci, a 2018 ta yi wa Penn State haka. A Satumba 2022 ta karɓi dala miliyan 1.5 daga Texas A&M, wadda ke matsayi na shida a ƙasa, ta doke ta 17 da 14 a gidanta. Shekara 15 tsakanin wasan 2007 da wannan, kuɗin ya kusa ninkawa huɗu. Ga jami'a irin wannan, mai tsari da masoya da tarihin cin kofi, cinikin ya biya, ban kuma ga dalilin musun haka ba.

Amma a dubi Savannah State, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙaƙen fata a jihar Jojiya. A 2012 ta buɗe kaka a gidan Oklahoma State, aka ci ta 84 da nema, aka ba ta dala 385,000. Mako guda bayan nan ta je Florida State don dala 475,000. An riga an daina tsayar da agogo don wasan ya yi saurin ƙarewa, sannan walƙiya da hadari suka sa aka tsayar da shi a zango na uku ana 55 da nema. Cikin kwana takwas yaran nan sun sha maki 139 ba su ci ko ɗaya ba, makarantarsu ta samu dala 860,000. Kuɗin bai ɗaga ta ba. A 2017 ta sanar cewa ba za ta iya ɗaukar nauyin zama a wannan mataki ba, ta kuma sauka zuwa na ƙasa da shi a 2019. Kent State ta jihar Ohayo, wadda take ajin sama amma a rukuni mara kuɗi, ta je gidan jami'o'in Washington da Oklahoma da Jojiya cikin wata guda a 2022, ta tara sama da dala miliyan 5. A 2024 Tennessee ta ci ta 71 da nema, ta gama kakar ba ta ci wasa ko ɗaya ba cikin 12.

Shekarar korona ta nuna zurfin dogaron. Da Big Ten da wasu manyan rukunoni suka yanke a 2020 cewa da junansu kaɗai za su buga, ƙananan jami'o'i suka wayi gari miliyoyin da suka riga suka sa a kasafinsu sun ɓace, ba su da ta cewa.

Wanda jikinsa ke biya

Daga dala 400,000 da aka biya a 2007, Edwards da Lynch da Jackson ba su samu ko sisi ba. Dokar NCAA ta lokacin ta haramta wa ɗan wasa karɓar komai ban da tallafin karatu, ko da kuɗin hotonsa ne a bangon mujalla. Shugabannin wasanni ne suka sa hannu, masu horarwa suna da albashinsu, tashar talabijin ta sayar da talla. Waɗanda suka shiga fili suka yi karo da mutanen da suka fi su nauyi su ne kaɗai ba a tambaya ba, ba a kuma biya ba.

Masu kare tsarin suna cewa yaran da kansu suna son wasan, kuma gaskiya ne. Ɗan shekara 19 da manyan makarantu suka ƙi ɗauka yana marmarin ranar da zai tsaya gaban mutum dubu 90 ya nuna an yi kuskure a kansa, masu neman 'yan wasa na NFL kuma sun fi kallon yadda ya yi da manya. Ban raina wannan ba. Sai dai son da yaro ke yi wa abu bai sauke wa manya nauyin auna haɗarinsa ba. A Satumba 2015 Southern University, ita ma jami'ar baƙaƙen fata daga Luwiziyana, ta je gidan jami'ar Jojiya a irin wannan wasa. Ɗan wasanta Devon Gales ya yi karo a lokacin da ake mayar da bugun farko, ƙashin wuyansa ya karye, ya koma kan keken guragu. Mutanen Jojiya sun yi masa halacci, sun tara kuɗi har aka gina wa iyalinsa gida. Irin wannan rauni yana iya faruwa a kowane wasa, ko tsakanin tsara da tsara, don haka ba zan ce cinikin ne ya jawo shi ba. Abin da zan ce shi ne, kulawar da ya samu ta fito ne daga kirkin jama'a. Yarjejeniyar da ta kai shi filin ciniki ce tsakanin makarantu biyu, yaron da zai shiga fili ba ya cikin masu sa hannu.

Ga kuma abin da ba ya fitowa a labarai: ƙungiya mai 'yan wasa kaɗan da ta buga wasa biyu ko uku irin wannan a Satumba tana shiga gasar rukuninta, wadda ita ce take da damar ci, da gurɗe-gurɗe da gajiya. An sayar da farkon kakar don a biya kuɗin sauran, sauran kuma ta lalace.

Yanzu dokokin sun motsa. Tun Yuli 2021 ɗan wasa yana iya karɓar kuɗi don sunansa da hotonsa. A Yuni 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan batun biya, wanda ya ba jami'o'i damar raba wa 'yan wasansu har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Manyan ne ke da irin wannan kuɗi. Ƙari a kan haka, an sauƙaƙa wa 'yan wasa sauya makaranta, saboda haka yaron ƙaramar jami'a da ya haskaka a gidan babba a Satumba yana iya zama ɗan wasan babbar a shekara mai zuwa. Wasan kuɗi ya zama har da baje kolin 'yan wasa, ƙaramar jami'a tana kai mafi kyawun yaranta a gani a ɗauke.

Haɗarin mai saye ma ya ragu. A 2007 rashin nasara ɗaya ya kashe burin Mishigan tun ranar farko. A Satumba 2024 Northern Illinois ta karɓi dala miliyan 1.4 ta doke Notre Dame, wadda ita ma take ta biyar, 16 da 14, ita ma da tare bugun ƙarshe. Amma da yake gasar fitar da zakara ta faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 12, Notre Dame ta murmure har ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a Janairu 2025. A gefe guda SEC, ɗaya daga cikin manyan rukunoni, ya sanar a 2025 cewa zai koma wasa tara tsakanin membobinsa daga 2026, wanda ke nufin guraben da ake saye za su ragu, masu neman a saye su kuma ba su ragu ba.

Ba na goyon bayan a hana waɗannan wasanni. Big Ten ta gwada daina gayyatar ƙungiyoyin ajin ƙasa bayan shawarar da ta yanke a 2013, ta sassauta a 2017, kuma da hanin ya ɗore, makarantun da ba su da komai ne za su fi shan wahala. Abin da nake ganin ya wajaba shi ne a gyara takardar da ake sa wa hannu. Tunda doka ta buɗe ƙofar biyan 'yan wasa, a ware kaso sananne na kuɗin ga waɗanda suka buga. Mai masaukin da ya tara miliyoyi a ƙofa ya ɗauki inshorar raunin da baƙo ya ji a filinsa, har da jinyar shekaru idan ta kama. NCAA kuma ta ƙayyade irin waɗannan wasanni nawa ƙungiya ɗaya za ta iya bugawa a kaka, yadda shugaban wasanni da kasafi ya matse ba zai sake tura yara gidan manya uku cikin wata guda ba.